Shawarwarin malaman gona kan yin zane a taron manoma

Mun zauna da wasu malaman gona, hira ta kai mu ga yadda ake fahimtar da manoma ba tare da dogon surutu ba. Bakinsu ya zo ɗaya: a yi zane.

Wani ya ce shi ko allo ba ya ɗauka. Tsinke yake samu ya ja layi biyu a ƙasa, ya ce ga kunyoyi, tsakaninsu santimita 75. Sai ya jera tsakuwa da tazarar santimita 25, su ne ramukan masara. Daga nan ya miƙa wa manomi tsinken, ya ce, “Baba, nuna mana inda za ka zuba taki.” Nan ake gane wanda ya fahimta da mai gyaɗa kai kawai. Wannan dabarar ta fi burge ni.

Wata ta ja kunne kan ƙawata zane: in ka tsaya fitar da ganye da geza, hankalin mutane sai ya koma kan gwanintarka. Layi, da'ira da kibiya sun wadatar.

An ɗan yi gardama kan rubutu, aka tsaya a kan kalma ɗaya ko biyu, da boko ko ajami. Kafin a watse kuma a ɗauki hoton zanen da waya, don awaki ba sa jira.