Ganyen gwandata na zama rawaya yana yaushi

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Garwa ta Kamaru nake, kuma abin nan ya ishe ni. Na shuka gwanda a robar fenti, na ajiye ta a ɗaki kusa da taga saboda zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Ta kai tsawon tafin hannu lafiya lau, sai ganyen ƙasa suka fara rawaya daga gefe, su yi laƙwas su zube. Na sama kore ne, amma suna yaushi ko da ƙasar na da danshi.

Na rage ban ruwa, na huda gindin robar, na barbaɗa takin zamani na NPK kaɗan. Takin ma ƙona bakin ganyen ya yi. A bayan ganyen babu ƙwari.

Abin da ya fi damuna shi ne gindin karan, daidai inda ya haɗu da ƙasa: ya yi baƙi-baƙi, ya sirance, in na taɓa sai in ji laushi. Ƙasar kuwa laka ce daga bakin Binuwai, ba ta bushewa da wuri.

Don Allah, in na sauya mata ƙasa mai yashi yanzu, za ta farfaɗo?