Tambaya kan Hilary Mantel: ina take kafin duniya ta san ta?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Na gama karanta Wolf Hall, littafin marubuciyar Ingila Hilary Mantel kan Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas na Ingila. Abin da ya ɗaure min kai, shekarunta 57 lokacin da littafin ya ci Booker, babbar kyautar littattafan ƙagaggun labarai na Turanci, a 2009. To duk waɗancan shekarun ina take, da me take rayuwa? Ni ma ina da labarin da nake son ginawa a kan tarihi, amma bincike ya cinye ni, rubutun kuwa shiru kake ji.

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ai ba zaune take ba. Lauya ta karanta, amma ba ta yi aikin ba. Tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta fara wani ƙaton littafi kan juyin juya halin Faransa na 1789, a kan jagororinsa Danton da Robespierre da Desmoulins. Ta tafi da shi Botswana a 1977, inda mijinta, masanin duwatsu, ya samu aiki, ta gama shi a 1979. Masu buga littafi suka ƙi karɓa. Sai 1992 ya fito da sunan A Place of Greater Safety.

A tsakani ta zauna shekara huɗu a Jidda, ta koma rubuta labaran zamaninta, na farko ya fito a 1985, tana kuma yi wa mujallar The Spectator sharhin fina-finai. Duk wannan da ciwon mahaifa mai tsanani, wanda ya kai ga tiyatar da ta hana ta haihuwa tun tana shekara 27. Ni abin da ke burge ni, irin labarin tarihin da aka ƙi saya a hannunta shi ne ya dawo ya ɗaga ta. A 2012 ta sake cin Booker, mace ta farko da ta ci sau biyu.

Baban Ɗakin Karatu:
Malam ya faɗi gaskiya, amma kada mu wanke ta tas. Masana tarihi da dama sun yi ƙorafin cewa ta shafa wa Thomas More, babban jami'in Sarki Henry kuma abokin hamayyar Cromwell, baƙin fenti don Cromwell ya yi haske. Mai karatu kuma ba ya komawa kundin tarihi ya tantance, abin da labari ya zuba masa shi yake haɗiyewa.

Mai Alƙalami:
Haka ne, yallaɓai, ta ɗauki ɓangare, ba ta kuma ɓoye ba. Amma duba inda take ƙirƙira. An sare kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry ta biyu, a 1536, na Cromwell a 1540, ba ta taɓa waɗannan ba. Abin da takarda ba ta rubuta ba, irin zancen bayan ƙofa da abin da mutum ke saƙawa a zuci, a nan ne take shiga. Ƙanwata, rubuta jerin ranakun da kika tabbatar, ki ajiye binciken, ki fara da fage ɗaya. Idan mutanen labarin suka buƙaci wani bayani, kya koma ki nemo.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Malam. Amma maganar More ta tsaya min, don ni ma akwai wanda nake shirin mayarwa mugu a nawa labarin, kuma jikokinsa na raye.