Kisa a makarantar matsafa, ya ake kama mai laifi?

Ƴar_Alƙalami: Salam ƴan uwa, don Allah ku taimaka min. Ina rubuta labarin makarantar kwana ta koyon tsafi, an tsinci gawar malamin haɗa magunguna a laburare, ƙofa a kulle ta ciki. Matsalata kowa a makarantar ya iya siddabaru, to me zai hana a karanta ɗalasimi ɗaya kawai a gano wanda ya yi?

Baban_Hanan: Wa alaikumussalam ƙanwata. Wannan matsalar tsohuwa ce, tun 1929 wani marubuci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji 10 na rubuta labarin binciken laifi, a ciki har ya hana sa tsafi gaba ɗaya. Ni dai ban yarda da hanin ba, ki kafa wa tsafin iyaka tun babin farko kawai, misali gawa ba ta magana, kuma duk wanda ya yi sihiri yatsunsa sai sun yi baƙi kwana 3, kin ga ɗalibin da ya zo aji da safar hannu ana tsananin zafi ai mai karatu zai fara zarginsa da kansa.

Maman_Ilham: Gaskiya ne yaya. Kuma abin da ke ƙona min rai shi ne a fito da sabon sihiri a shafin ƙarshe wanda ba a taɓa ambata ba, wallahi ji nake an cuce ni. Ki ɓoye hujjar cikin darasin da ake koya musu a aji.

Ƴar_Alƙalami: Na gode sosai Anti! To in mai kisan bai yi tsafi ba fa, guba kawai ya sa, kowa na can yana duba yatsu?