Wai eksosom shara ce ko saƙo?

Ɗan_300L:
Salam ƴan uwa. Don Allah masu karatun garkuwar jiki ku agaza min, lakcara ya ba mu asaimen kan aikin Graça Raposo na 1996 a kan ƴan mitsi-mitsin buhunan nan da sel ke fitarwa, eksosom. Na karanta har kaina ya ɗau zafi, nan a ce shara ce sel ke zubarwa can a ce saƙo ne take aikawa. Wanne zan rubuta?

Anti_Maryam_Lab:
Wa alaikumus salam ƙanena. Rubuta duka biyun, amma ka bi tarihin. A 1983 Rose Johnstone ta jami'ar McGill a Kanada tana aiki da jinin tumaki, sai ta ga jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama ƙosawa ba suna tattara furotin ɗin da ke shigo musu da sinadarin ƙarfe su watsar cikin ƴan buhuna tunda sun daina buƙatarsa, ita ce ma ta raɗa sunan a 1987, to kowa ya tafi a kan shara ce kawai. Sai Raposo a Utrecht ta ƙasar Holan ta leƙa sel B, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, da maikiroskof na lantarki ta ga buhunansu na ɗauke da MHC II, wato farantin da ake ɗora guntun maƙiyi a miƙa wa sel T, sojar garkuwar jiki, ta gani. Abin da ya girgiza mutane shi ne buhunan su kaɗai, ba sel ɗin a wurin, sun iya tada sel T. Nan ne makin yake, kar ka bari ya wuce ka.

Likita_Gobe:
Anti ta gama magana. Ka ƙara da Laurence Zitvogel a Faransa 1998, ta ɗebi buhunan sel dendiritik, masu nuna wa sel T maƙiyi, ta yi wa ɓeraye masu ciwon daji allura ƙarin ya ja baya. Da aka zo kan mutane dai sakamakon bai kai na ɓera ba. Kuma fa ba garkuwa kaɗai ke aika saƙon ba, a 2018 masu bincike a jami'ar Pennsylvania sun nuna kansar fata na sakin buhuna masu wani furotin da ake kira PD-L1 don sanyaya sel T tun daga nesa. Ko maleriyarmu, a 2013 an gano jajayen ƙwayoyin da ta kama na amfani da irin buhunan nan wajen yi wa juna magana.

Sarkin_Sentirifuj:
Hhh ku kuna ta labari, ni na taɓa rabo su. Girmansu nanomita 30 zuwa 150 ne fa (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita guda), sai ka juya ruwan a inji da ƙarfin g 100,000, wato ninki 100,000 na ƙarfin jan ƙasa, sama da awa guda, ka ɗauko tub ka ɗaga sama ba ka ganin komai wallahi, shi ya sa muke sa ɗigon tawadar maka a gefen tub ɗin tun kafin a kunna don mu san inda abin ya kwanta. Kuma abin da ka tara gauraye ne, da eksosom da wasu buhunan da tarkacen furotin, don haka duk takardar da ta ce "eksosom ya yi kaza" ka duba yadda suka tace tukuna.

Ɗan_300L:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, buhunan Johnstone da na Raposo hanya ɗaya suke bi su fito daga sel ko daban? Litinin zan miƙa.