Me ke cinye tsofaffin gidajen Jamestown a Akra?

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Gidajen zamanin Turawa na Jamestown sun haura shekara 100 a tsaye, amma bangon da aka shafe da siminti shi ke fara zubewa. Me ke jawo haka, kuma wane gyara ne ke ƙarko?

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam. Kuɗi ne suka fara barin unguwar kafin bango ya fara tsagewa. Turawan Ingila sun gina sansanin James Fort a 1673, a 1877 kuma aka dawo da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Akra. Jirage kan tsaya can cikin teku, kwale-kwale su kwaso kaya zuwa gaɓa. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, ciniki ya ƙaura. Ga kuma girgizar ƙasar da ta afka wa Akra a 1939. Yawancin gidajen kuma na gado ne, magada da yawa, kowa na jiran wani ya sayi kwano.

Magini:
Gaskiya ne Malam, amma simintin ma da laifinsa. An ɗora bangon da dutse ko bulo da kwaɓin farar ƙasa, mai barin damshi ya fita. Siminti toshe shi yake. Ruwa ya taso daga ƙasa da gishirin teku, ya rasa mafita, gishirin ya daskare a bayan shafen, ya turo shi waje da fuskar dutsen gaba ɗaya. Ƙarfen da ke cikin bango kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa ginin.

A fara da rufi da indararo, in ba haka ba aikin banza ne. Sai a ɓamɓare simintin da guduma da kurfi, ba da inji ba, a bar bango ya sha iska makonni. Kwaɓi: awo 1 na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, awo 3 na yashi. Kada a ɗebo yashin bakin teku, gishiri ne zalla. A jiƙa bangon, a shafa siriri hawa 2 ko 3, ana yayyafa ruwa, don in ya bushe da sauri tsagewa yake. Fentin mai ma toshewa yake, a yi farar ƙasa.

Hajiya Injiniya:
Ƙari kaɗan, Magini. A duba bakin katakon bene inda ya shiga bango, nan gara da ruɓa ke farawa. James Fort da sansanin Ussher Fort da ke kusa da shi kuwa suna jerin kayan tarihi na UNESCO tun 1979, ba a taɓa su sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta Gana.