Neman shawara kan hoton zafin jiki da sankarar mama

Assalamu alaikum. Ina roƙon likitoci da masu sani su taimaka mini. Wata biyu ke nan da Yayata, mai shekara 46, ta ji wani ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a mamanta na hagu, ba ya ciwo kuma ba ya motsi. Wasu masu gwaji da suka zo unguwarmu a Tudun Wada sun ɗauke ta da kyamarar da ke auna zafin fata, suka nuna mata hoto mai launin shuɗi da kore, suka ce lafiyarta ƙalau.

Tun daga ranar ta ƙi yarda mu je asibitin koyarwa na Shika, tana cewa ai an riga an duba. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin na karanta cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata kada su ɗauki wannan hoto a madadin mamogiram (hoton X-ray na mama da ake ɗauka don gano sankara), tunda zafin saman fata kawai yake nunawa.

Shin da wane gwaji ya kamata a fara, mamogiram ko sikanin? Kuma ta yaya zan shawo kanta ba tare da na firgita ta ba?