Dolfin da ɗan'uwansa, wa zai ba ni sunansu kafin La'asar?

Maman Ilham: Salam jama'a, a taimaka. Ina fassara labarin da zan karanta a rediyo yau da yamma kan cututtukan bakteriya da ke kama wasu dabbobin teku, dolfin da ɗan'uwansa fofos. Akwai ciwon huhu, akwai burusela da aka fara ba da rahotonta a dabbobin teku a 1994, tana sa macen ɓari, wani sa'in ta taɓa ƙwaƙwalwa har dabbar ta fito gaɓa ta mutu. In ce musu kifi kawai?

Likitan Dabbobi Kawo: A'a Hajiya kar ki ce kifi, haihuwa suke suna shayarwa, kuma da huhu suke numfashi ta wata kafa a tsakar ka. Burusela kuwa ki ce dangin bakkale, duk makiyayin da ke saurare zai gane, ita ke sa shanu ɓari.

Ɗan Tudun Wada: ai ayu ne, meye na wahala

Likitan Dabbobi Kawo: Ayu ciyawa yake ci a Binuwai, dolfin kuwa kifi yake farauta.

Malam Na Zazzau: Shekara nawa ina cewa a kira dolfin tsallake-teku, ba wanda ya kula. Kuma meye wani bakteriya, ƙwayar cuta ta yi laifi ne? Ku 'yan cikin Kaduna kun mai da Hausa gwamutsen Turanci wallahi.

Ɗan Tudun Wada: Allah gafarta Malam, to rediyon da za a karanta a ciki fa, kakanninmu ne suka raɗa masa suna? 😂

Malam Na Zazzau: Yaro, aro daban lalaci daban.

Likitan Dabbobi Kawo: Malam ƙwayar cuta ta haɗa har da bairos, ga shi maganin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, dole a bambance. Fofos kuma Larabawa aladen teku suke ce masa.

Maman Ilham: Alade a shirin yamma? Rufa min asiri Dakta, waya ba za ta huta ba. Lokaci ya ƙure, na rubuta "dabbar teku dolfin da ɗan'uwanta mai gajeren baki", sai "ƙwayar cuta ta bakteriya", bakkale kuma na ɗauka na gode.

Malam Na Zazzau: To ba laifi. Amma ki ambaci tsallake-teku ko sau ɗaya ne.

Maman Ilham: In edita ya bari, Malam.